Ranar da Baƙuwata Ta Zauna Jiran Yunwa

Na haura shekara ashirin ina aikin malamin gona tsakanin Dutse da Kiyawa, amma in aka ce in zaɓi ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba, to ranar da na kai Dakta Folake Unguwar Ɗinya ce. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna yi mini dariya don ina hana baƙo ko da ƙosai ɗaya kafin a isa ƙauye. To ku gyara zama ku ji dalili.

Lokacin ina mataki na takwas a aikin gwamnati, ƙauyuka shida ne a hannuna. Ofishinmu ya samu sabon irin riɗi mai saurin nuna, ana so a gwada shi. Ga wanda bai san tsarin ba, ba a zuwa wa manomi da sabon iri a ce shuka. Gonar gwaji ake nema, wato fili a bakin hanya inda kowa zai riƙa gani da idonsa, a shuka sabon a gefe, tsohon a gefe. In ya yi kyau, manoma da kansu za su biyo ka har gida.

A duk ƙauyukana babu filin da ya dace irin na Gwaggo Tabawa, yayar Dagacin Unguwar Ɗinya, wadda kuma ita ce shugabar matan da ke yin kantu da man riɗi. Gonar gadonta ce, tana daidai inda hanyar kasuwa ta ratsa. Shekara biyu ina zarya a kanta. Abin da ya ɓata lamarin tun farko, wani babban jami'i ne da aka taɓa kai musu, aka jere masa kwanuka, ya ce ya gode, ya koma mota ya buɗe kularsa. Gwaggo ba ta manta ba. Da na gaya mata wata babba za ta zo daga Abuja duba wurin, sai ta ce, "Malam Sabo, bari in ga baƙuwar taka tukuna." Ruwan shuka ya riga ya sauka. In ba ta amsa a makon nan ba, an yi asarar daminar ke nan.

Ranar ziyarar da safe Daraktanmu ya kira ni ofis ya miƙo mini takardar jadawalin ziyara. A rubuce yake: tashi ƙarfe tara, isa ƙauye sha biyu, dawowa ƙarfe huɗu don taron bankwana. Ya ce, "Sabo, Dakta Folake kwananta biyu daga otal sai ɗakin taro. Ka ɗan nuna mata gari a hanya, kada ta koma ta ce Jigawa babu komai."

Ai kamar ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni haifaffen Dutse ne, kuma duk wanda ya san ni ya san in ana maganar garinmu ba na gajiya. Na ce, "Yallaɓai, an gama."

Dakta Folake 'yar Ibadan ce, ƙwararriya a harkar iri, mace mai fara'a da son tambaya. Ta yi bautar ƙasa a Arewa, don haka tana da 'yar Hausarta ta ciniki. Tana shiga mota ta ce kwana biyu shayi da burodi kawai ake ba ta, ita abincin gari take so. Na ce a raina, yau kin gamu da ɗan gari.

Wajen Hajiya mai waina muka fara tsayawa. Ana kwasowa daga tanda, gefenta ya yi ja, aka kwarara miyar taushe. Dakta ta kai loma ɗaya ta rufe ido. Ta ci biyar, ta fara ba mu labarin kakarta ba wanda ya tambaye ta. Baba Iro, direbanmu, dattijon da ya kusa ritaya, ya ce, "Malam, baƙuwarka fa santi take yi." Na fassara mata abin da ake nufi da santi, ta yi dariya har da hawaye.

Daga nan na sa muka hau duwatsu ta wajen tsohon gari. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ciyawa ta fara tsirowa a tsakanin duwatsun, sama ta wanke tas. Ta tsaya tana kallon wani ƙaton dutse da ya hau kan ɗan ƙarami, ta ce wa ya ɗora shi? Na ce tun kakan kakana yake nan, bai taɓa motsi ba. Daga sama na nuna mata gari gaba ɗaya, da dogayen bishiyoyin dabino, da gonaki jajaye da aka fara huɗa. Ta ɗauki hoto har wayarta ta yi zafi. Ni kuwa baki har kunne, sai zuba nake kamar ni na jera duwatsun.

Da muka sauko na saya mata ɗanyen dabino, mai ruwan ɗorawa, mai garas-garas. Ba ta taɓa sanin ana cin dabino bai bushe ba. Ta cinye kusan rabin leda kafin mu fita gari.

Baba Iro ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, a bar mata ɗan gurbi."

Na ce, "Haba Baba, dabino ai ba abinci ba ne."

Ranar kuma ta dace da cin kasuwar Shuwarin, ga ta a kan hanyarmu. Ta ina zan wuce da baƙuwa ban nuna mata ba? Muka kutsa ta layin hatsi, na nuna mata buhunan riɗi da zoɓo, ta ɗebo a tafin hannu tana duba ƙwayar. Muka leƙa kara ta ga shanu da raguna. Ƙamshin balangu ya tare mu, na sa aka yanka mata mai taushi, aka haɗa da gurasa da ƙuli. Muna juyawa sai ga dafaffen ƙwan zabi, wanda sai da damina ake samunsa, na ce wannan kam ba a wuce shi. A ƙarshe wata Bafulatana ta buɗe ƙwaryarta, kindirmo ya kama kamar a yanka da wuƙa. Ta dama mata fura, Dakta ta riƙe ludayi ba ta ajiye ba sai da ta ga ƙasan ƙwarya.

Da muka koma mota ta jingina da kujera ta dafa ciki ta ce, "Malam Sabo, na gode. Ni da abinci sai gobe."

Wallahi sai a nan na farga. Duk rawar kan da nake yi tun safe, ko sau ɗaya ban tuna da abin da ke jiranmu ba, alhali ni da bakina na sanar da Dagaci tun mako guda. A ƙauyukanmu, in babban baƙo zai zo, kowane gida na kusa da mai gari sai ya aiko da kwanonsa. Ba a ce baƙo ya cinye ba, amma sai ya sa hannu a kowanne. Kwanukan kuma in sun koma, mata buɗewa suke su duba. Wadda aka mayar wa nata yadda ta aiko shi, ta san an ƙyamace ta ke nan.

Na sunkuya na raɗa wa Baba Iro dabara. Na ce in an jere abinci a zaure, mutane za su ba mu wuri kamar yadda aka saba, ni da shi sai mu taɓa kowane kwano, a ce baƙuwa ce ta ci. Ya ce, "To, Allah ya sa."

Mun isa ana shirin sallar azahar. Dagaci ya fito da dattawansa, aka gaisa, aka yi mata barka da zuwa. Na leƙa zaure, tabarma kawai na gani da butar ruwa. Kafin in yi tambaya sai ga Gwaggo Tabawa ta fito daga cikin gida, ta kama hannun Dakta ta ce, "Mace ce ashe. Ai mace ba ta cin abinci a zaure. Taho ciki, 'yata."

Duk baƙin da na taɓa kaiwa maza ne, shi ya sa wannan bai zo mini a rai ba. Cikin gida kuwa ba wurin shigata ba ne. Ina tsaye ina kallo aka shige da ita, ko damar yi mata bayani ban samu ba.

Muka yi salla, aka kawo mana namu abincin, amma hankalina ba ya kansa. Kunnena yana cikin gida. Da farko na ji gaishe-gaishe da ƙarar faifai ana buɗe kwanuka. Sai kuma shiru. Shirun nan ya yi tsawo har Dagaci ya daina magana ya kalle ni. Na ce shi ke nan, wahalar shekara biyu ta tafi a kan balangu.

Can sai muka ji mata sun kwashe da dariya gaba ɗaya. Jim kaɗan kuma sai ga ƙarar turmi.

Abin da ya faru, daga baya Dakta ta ba ni labari a mota. Kwano goma sha ɗaya aka jere mata: tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, dambun zogale, farfesun zabuwa, ɗanwake, shinkafa da wake, da sauransu. Ta ce da ta ga yadda matan suka zuba mata ido, ta gane wannan ba abin da ake cewa an gode ba ne. Sai ta faɗa musu gaskiya da 'yar Hausarta, cewa Malam Sabo ya cika ta a hanya, ciki babu wuri. Gwaggo ta ɗaure fuska ta ce ta lissafo abin da na ba ta. Ta fara, waina, dabino, balangu, gurasa, ƙwai, fura. Gwaggo ta ce, "Furar kasuwa? Ga tawa na dama tun hantsi?" Dakta ta ce, "Gwaggo, ba zan tafi ba. Ki ba ni aiki har yunwa ta dawo." Nan matan suka fashe da dariya, aka miƙa mata taɓarya.

Ni duk ban san wannan ba. Ƙarar daka kawai nake ji, lokaci yana tafiya. Ƙarfe uku da rabi wayata ta yi ƙara, Darakta ne.

Ya ce, "Kuna ina? Manya sun fara zama."

Na ce, "Yallaɓai, muna ƙauye."

"Me kuke yi har yanzu?"

Kafin in amsa sai wata mata ta leƙo ta ce baƙuwa ta ce a gaya wa Malam kada ya tayar da mota, ba ta ci abinci ba tukuna. Na san abin da saɓa jadawali ke jawowa, takardar tuhuma ce a fayil ɗina. Amma na san abin da fitar da ita a wannan lokacin zai jawo. Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, baƙuwa tana jiran yunwa."

Ya ce, "Sabo, gobe da safe ka same ni a ofis." Ya kashe.

Sai bayan la'asar sosai ta fito, zani ɗaure a kan siket ɗinta, tafin hannunta ya yi ja, tana ƙamshin soyayyen riɗi. Ta yi daka, ta yi wankin riɗi, an koya mata yanka kantu. Da yunwar ta dawo ta bi kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar na wace ce, tana ci mai shi tana kallo. Dambun Gwaggo kuwa har ƙari ta nema. Fuskarta sai sheƙi take yi, tana cewa wannan ce ranar da ta fi kowace daɗi a tafiyarta.

Gwaggo ta rako ta har bakin zaure. Na durƙusa na gaishe ta, ban iya ɗaga ido ba. Ta ce wa Dagaci, "Gobe a kai su gonar su auna." Daɗi ya kama ni, sai godiya nake jerawa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Don ita na bayar, ba don kai ba. Tun jiya da yamma matan nan suke surfe. Da ta fita ba ta ci ba, ba ita zan riƙe a raina ba, ita ba ta san mu ba. Kai ka san mu."

Na sha faɗan shugabanni a aikin nan, amma babu wanda ya taɓa shiga jikina irin wannan. Har muka isa Dutse, Baba Iro ma ya tausaya mini bai tsokane ni ba.

Takardar tuhumar ta zo, na amsa ta a shafi ɗaya, aka rufe maganar da gargaɗin baki. Riɗin kuma aka shuka shi a cikin makon.

Tun daga ranar, in zan rubuta jadawalin ziyara, abin da nake fara sawa shi ne gidan da baƙo zai ci abinci, da wanda zai ci tare da shi, maza ne ko mata. Duwatsu da dabino da kasuwa duk ina kai baƙi, har gobe ina jin daɗin nuna su, amma sai a hanyar dawowa. Mutanen da muke yi wa aiki ba su da ɗakin taro, a kwanon da suka aiko suke gane ko ka ɗauke su mutane. Gwaggo Tabawa ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Har ta bar duniya, duk ranar da na je ƙauyen, kafin ta amsa gaisuwata sai ta tambaye ni, "Malam Sabo, me ka ci a hanya?" Ni kuma na koyi zuwa da amsar da take so: "Ruwa kawai, Gwaggo."