Zanzanar Kakata

Da aka buɗe masallatai bayan kullen korona, garinmu ya wayi gari cike da likitoci. Mahauci likita ne, mai faci likita ne, ladan ma da ya sauko daga kiran salla sai ya ɗora da bayani. Ni ma ba a bar ni a baya ba, domin a ƙofar shagona na ɗinki ake zama, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, rediyon kuma nawa ne. Kullum da yamma a karanto sanarwar minista, waɗanda suka kamu da waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu, adadin kuwa sai raguwa yake. Da an kashe rediyo sai kowa ya buɗe baki.

Mahauci ya ce ranar ƙasarmu ce ta ƙone cutar, shi da yake ganin yadda take busar da kilishi kafin la'asar. Mai faci ya ce zazzaɓin sauro ya riga ya gasa jinin talaka, babu sauran wurin da baƙuwar cuta za ta zauna. Wani dillalin shanu kuma ya rantse cuta ce ta masu hawa jirgi, bai ga abin da zai kawo ta ƙauyen da ke tsakanin Magariya da Dungas ba, inda ko kwalta babu. Ni na tsinci kalmar garkuwar jiki a rediyo, na riƙe ta gam, ina jefa ta a kowace gardama ina taka keke, ina ɗinka takunkumin da masu sayensa suke ratayewa a haɓa. Amma idan wani ya ambaci Kano, inda 'yan'uwanmu ke bugo waya suna cewa tsofaffi na ta tafiya, sai wani ya yi sauri ya tambaya ko shayi ya nuna.

Duk wannan surutu yana faɗawa kunnen kakata, domin danga ce kawai tsakanin shagona da inda take zama tana ɓarar gyaɗar iri. Uwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu ni da wana bayan iyayenmu sun rasu. Fuskarta duk zanzana ce, tabon agana da ta yi tun tana yarinya, idonta na hagu ma cutar ce ta shafe shi da fari. Mun saba da fuskar har ba ma ganin tabon. Maigida take kirana, wasan kaka da jika, wana kuma tsohon miji, wai ya gudu birni ya bar ta ko goro babu.

Wan nawa shayi yake sayarwa a Kano, can kulle ya rutsa da shi. Da aka sassauta ya biyo ɗan kabu-kabu ta daji, ta wajen Babura, tunda iyaka a rufe take. Gari ya fito ya tarye shi, aka yi ta musabaha hannu biyu-biyu. Matarsa na da tsohon ciki a lokacin, cikinta na fari da ya tsaya bayan ɓari da ta sha yi.

Ba a daɗe ba ya fara zazzaɓi. Sai wata rana ya ture kwano ya ce an yi miya ba daddawa, alhali ƙamshin daddawar har shagona yake zuwa. Daga nan tari ya biyo baya, busasshe, numfashi kuma ya soma yi masa wuya. Na buga wa majo waya, wato babban ma'aikacin likitar da ke kusa da mu. Ya zo a kan babur, ya duba shi da takunkumi a fuska, ya ce alamun sun yi kama ƙwarai, amma awon sai Damagaram. Wana ya rantse ba za shi ba, don ya ji an ce wanda ya rasu a can baƙi ne ke sa shi a rami. Majo ya bar ƙwayoyi, ya ce to a ware shi, in numfashi ya ƙi a kira shi ko wane lokaci ne. Ya nuna mai ciki, ya nuna kakata, ya ce waɗannan biyun kada su kusance shi.

Ranar nan likitocin ƙofar shagona suka janye tabarmarsu zuwa gindin wata bishiyar, har da mai cewa rana ta ƙone cutar.

A cikin gida kuwa rigima ta tashi a kan wa zai yi jinya. Matarsa ta ɗaure zane ta ce mijinta ne, ko mutuwa ce su tafi tare. Na ce ni ne zan yi, ai ɗan'uwana ne. Ta ce in na kwanta wa zai noma gona ya ciyar da gida biyu, ga damina a bakin ƙofa. Muna ta ja-in-ja, shi yana ɗaki yana tari. Kakata na zaune a gefe tana ɓarar gyaɗarta. Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta ɗauki sandarta ta fita waje. Na bi ta, domin ban taɓa ganin ta nufi majalisar maza ba.

Ta tsaya a gaban dattawa, maigari na cikinsu, ta yaye mayafi daga fuskarta.

Ta ce, "Ku dubi nan. Ku da kuka ga zamanin agana, yaya ake yi in ta shigo gari?"

Wani tsoho ya ce, "Bukka ake yi a bayan gari, Iya."

"Wa ke zama da mara lafiya?"

"Wanda ya taɓa yi ya tashi."

"To ga ni. Ni aka yi wa bukka, wata mai irin fuskar nan ta zauna da ni. Da na girma na zauna da wasu, ko ciwon kai ban yi ba. Jikin da annoba ta ci ta bari ba ta komo masa. Ku yanko kara."

Na shiga tsakani na ce, "Kaka, agana daban, wannan daban. Rediyo ya ce tsofaffi ta fi kamawa, majo ma ya faɗa a gabanki."

Ta juyo da idonta mai gani ta ce, "Maigida, rediyon naka ya taɓa yin agana? Garkuwar da kake ta ihu a kanta tun azumi, ai ga ta a fuskata, kai taka ina take?"

Aka kwashe da dariya, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Tsofaffin suka shiga tuno wance da wane da suka yi jinyar gari guda ba abin da ya same su. Maigari ya ce al'ada ce ta iyaye, shi ba zai karya ta ba. Na fusata ƙwarai, na yi ta magana babu mai saurarena. Kafin magariba an kafa bukkar kara a gonarmu, an ɗauki wana a amalanke, kakata na zaune a gefensa da ƙullin kayanta.

Ta kafa mini doka tun ranar farko. Akwai layin gamba da ya raba kusurwar da bukkar take da sauran gonarmu, nan zan ajiye tulun ruwa da ƙwaryar abinci, in ja da baya, sannan ta zo ta ɗauka. In na ƙetare gambar, ta ce, ba ta yafe ba. Kakata ba ta faɗin wannan kalma da wasa.

Daga bakin gambar nan na ga abin da har yau ban manta da shi ba. Wana ƙato ne, ya fi ni tsawo da faɗi, kakata kuwa iska mai ƙarfi za ta iya tafiya da ita. Amma da ta lura kwanciya na toshe masa numfashi, sai ta zauna a ƙofar bukka ta jingina da turke, ta jingina shi da ƙirjinta, ta riƙe shi a haka. In na zo da hantsi in same su a haka, in na dawo da la'asar suna nan. Yana tari yana fizge-fizge, ita tana shafa masa kai tana yi masa tsiya, wai tsohon miji ya je birni bai kawo mata ko atamfa ba sai tari. Ta dafa ganyen bedi ta yi masa sirace, ta ɗura masa kunu da ludayi, ta ba shi ƙwayoyin majo a kan lokaci, inuwar bukka ce agogonta. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Ina tsaye ina kallo, tsoro da mamaki suna cina, ina tambayar kaina a ina wannan tsohuwa take ajiye irin wannan ƙarfi.

A gari kuwa majalisa ta samu sabon babi. Tunda kwanaki na tafiya kakata na nan garau, sai aka yanke cewa duk mai zanzana korona ba ta kama shi. Mai faci ya ƙara da cewa har masu lamba a dantse, wadda aka yi wa mutane lokacin rigakafin agana. Sai ka ga dattijo mai gemu ya naɗe hannun riga yana neman tabonsa, in ya gani ya yi hamdala ya cusa takunkumi a aljihu. Adadin rediyo na ci gaba da sauka, an buɗe lekol, yara sun koma boko, motocin kasuwar Magariya sun dawo cike maƙil. Ni kaina na fara sassautowa, ina cewa a raina wataƙila tsofaffi sun san wani abu.

Ruwan shuka ya sauka, na shuka gero har bakin gambar, ban ƙetare inda aka hana ni ba. Gero ya tsiro, wana ya fara zama da kansa, sannan ya fara takawa. Wata safiya ya ɗaga murya ya ce a faɗa wa matarsa ta rage daddawa, ta yi yawa. Na yi dariya har da hawaye. Bayan majo ya zo ya duba ya ce ya tsallake, kakata ta sa shi ya yi wanka, ta ƙone tsohuwar tabarmarsa, ta koro shi gida. A makon nan matarsa ta sauka lafiya, aka samu mace.

Kakata kuwa ba ta biyo shi ba. Ta ce za ta ɗan huta a gona, hayaniyar gida ta ishe ta. Washegarin haihuwar na je da abinci na same ta zaune a ƙofar bukka, ta lulluɓa da bargo da rana tsaka.

Na ce, "Kaka, tashi mu tafi, ga tattaɓa-kunnenki can tana jiranki. Me kike yi a daji, ke da cuta ba ta kama ki?"

Za ta amsa sai tari ya sarƙe ta, irin tarin da na riga na sani. Na ɗaga ƙafa zan ƙetare, ta ɗaga mini sanda.

Da ya lafa ta ce, "Haba maigida, har da kai? Ni fa na riga ka jin rediyon nan, ta bayan danga. Na san agana daban, wannan daban."

Na ce, "Kin sani? Tun ranar?"

"Tun ranar. Da na ce muku na tsufa, na ci rabona, ku bar ni in je, za ka bari? Da kai da yarinyar nan kuna ta musu, yaro na mutuwa a ɗaki. Ita ciki, kai garma. Tsofaffin can kuma doka ɗaya suka sani, ita na ba su."

Na durƙusa a wurin ina kuka. Ta ce in daina yi mata kukan mata a gona, in tashi in je majalisa in ce wa masu naɗe hannun riga su sauke, tabo ba ya tare komai, kada wani ya mutu da ƙaryarta. Na je na faɗa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, dillalin shanu ma ya laluba aljihu ya ciro takunkuminsa.

Majo ya sake zuwa, ya roƙe ta a kai ta Magariya, ta ce ƙashinta ba zai jure hanyar ba. Wana ya bar jaririyarsa ya koma bukka, tunda shi ne ya yi ya tashi, majo kuma bai hana ba. Yanzu shi ya jingina da turke, ita ta jingina da ƙirjinsa, ba ta fi yarinya ba a hannunsa.

Ranar suna, bayan an watse, na naɗe jaririyar a zane na kai ta gona, domin kakata ta aiko tana son gani. Na tsaya nesa na ɗaga ta sama da hannu biyu. Wana ya tallafo kan tsohuwar, ta daɗe tana kallo da idonta ɗaya. Ban san abin da ta iya gani daga can ba. Ta motsa baki, wana ya kara kunne, sannan ya ɗago ya gaya mini.

"Ta ce wai kishiyar tata ba ta kai ta kyau ba. Ta ce kuma ka sauke ta haka nan, rana na dukanta."

Na sauke ta, na rufe mata fuska da gefen zane, na juya zuwa gida. Ban kai ga shiga gari ba na jiyo wana yana salati da ƙarfi.