Bencin Baya na Majami'a

Baba ne ya kawo maganar, ni ban taɓa kawo wa raina ba. Lokacin na gama sakandare ina zaune a gidanmu da ke cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Gayan. Jami'o'in gwamnati suna ta yajin aiki, ƙawayena da suka riga ni shiga sukan dawo unguwa su share watanni ba karatu. Ni kuwa aikin gwajin jini na asibiti nake so in karanta, Baba ya san da haka.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni ɗakinsa. Ya daɗe da yin ritaya daga ofishin gona, amma har lokacin in zai yi magana mai muhimmanci sai ya cire tabarau ya ajiye, kamar yana gaban ma'aikatansa.

Ya ce, "Akwai wata jami'a a kudu, ta Kiristoci ce. Ba sa yajin aiki, kuma suna koyar da abin da kike so. Za ki iya?"

Na ce, "In ka ce in je, zan je, Baba."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan. Cewa na yi za ki iya?"

Na ce zan iya, ba tare da na san abin da nake amsawa ba.

Yayan Baba, wanda muke kira Baffa, malami ne mai karantar da littattafai a zauren gidanmu. Da labari ya kai masa, sai ya shigo cikin gida da kansa, abin da ba ya cika yi ba. Ina daga kicin ina jin su.

"Duk makarantun da ke garin nan ba su ishe ka ba, sai ka ɗauki 'ya mace ka kai ta inda ba ta da kowa, inda ƙararrawa ke tashin mutane?"

Baba ya ce, "Yaya, abin da muka zuba mata tun tana ƙarama, in har ƙararrawa za ta kwashe shi, ai ba mu zuba komai ba."

Baffa ya juya ya koma zaure. Ranar da zan tafi na je na durƙusa a ƙofar zaure, ya ce Allah ya kiyaye hanya, idonsa na kan littafi.

Jami'ar tana bayan wani ƙaramin gari, cikin itatuwan da ban san sunansu ba, ga ruwan sama kusan kullum. A ranar karɓar sababbin ɗalibai shugaban makarantar ya yi mana jawabi mai tsawo. Ya ce su ba ƙwaƙwalwa kaɗai suke tarbiyya ba, har da zuciya da hannu, kuma duk wanda ya fita daga wurinsu da digiri amma bai iya yi wa mutane hidima ba, to sun faɗi a kansa. Daga nan aka karanta mana dokoki. 'Yan ajin farko ba a yarda su riƙe waya ba. Ba a fita gari sai da izini. Kowace Laraba da yamma ana kwasar ɗalibai zuwa ƙauyukan kewaye, a share kasuwa, a koyar da yara, a auna wa tsofaffi hawan jini. Zuwa majami'a da safe kuma wajibi ne ga kowa, ko mene ne addininsa. Sun bar ni da ɗankwalina mai rufe wuya, muddin launinsa ya dace da kayan makaranta.

Na zaɓi bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, nan na zauna har na gama makarantar. In sun tashi waƙa nakan tashi, in sun zauna in zauna, bakina a rufe. Waƙarsu na da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. In muryoyin suka haɗu har cikin ƙirji kake jin su, sai in ji tsoron jin daɗin, in koma karanta abin da na haddace a zuci.

Ba wanda ya taɓa ce mini in bar addinina. Da an faɗa, da na san abin yi, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Sai dai kowa yana da kirki, kuma kowa yana da inda za shi. Abokiyar ɗakina 'yar gabashin ƙasar nan ce, mai fara'a, tana cikin ƙungiyar mawaƙa. In ta ga na shimfiɗa darduma tsakanin gado da kabad, sai ta kashe rediyonta ta zagaya ta baya a hankali. Amma da yamma ta yi, ita da sauran duk sun tafi gwajin waƙa ko taron addu'a, ɗakunan kwana su yi tsit, sai ni da ƙarar ruwa a kan kwano. Ban san cewa kiran salla yana raba wa mutum yini ba sai da na rasa shi. A gida ba na ma lura da shi. A can sai yini ya zama abu guda dogo, ina duba agogo ina ƙiyasta lokaci.

Karatun kam ba wasa. Malami zai buɗe darasi da addu'a, ya rufe da gwaji. Ba a ɗaga jarrabawa, ba a sayar da takardun darasi, kuma satar amsa kora ce kai tsaye. Akwai darasin tarbiyya na dole da ake ɗauko misalai daga littafinsu. Ranar da aka zo kan annabin da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, malamin ya tambaya ko mu ma muna da labarin. Na miƙe na ba da shi yadda Baffa ke bayarwa, har da rigar da aka shafa wa jini. Da na gama, aka tafa mini. Ranar na koma ɗaki ina son in gaya wa wani, babu wanda zan gaya wa.

A shekara ta biyu ne, a ɗakin gwaje-gwaje, gilashin da ake ɗiga jini a kai ya suɓuce mini ya fashe. Ban san lokacin da na ce "wayyo Allah" ba.

Sai na ji an ce daga bayana, "Sannu, bai yanke ki ba?"

Da Hausa. Hausar ma irin ta gida. Na juya, malamarmu ce mai koyar da ilimin jini, wata dattijuwa siririya da kowa ke shakka. Na tsaya ina kallonta baki buɗe.

"Ke 'yar wace unguwa ce?"

"Ƙofar Gayan, Malama."

Ta yi dariya. "Ashe 'yar birni ce. Ni a gindin dutsen Kufena aka haife ni. Kwashe gilashin nan, ki sa safar hannu tukuna."

Kakanninta ne suka karɓi addinin Kirista tun zamanin da. Daga ranar takan kira ni gidanta jefi-jefi, ta yi tuwo da miyar kuka da daddawar da ake aiko mata. Da azumin shekarar ma ita ta sa aka riƙa ajiye mini abincin yamma har faɗuwar rana. Amma ita malama ce, ni ɗaliba, ba ta taɓa ƙara mini maki ko ɗaya ba, kuma ba kullum zan je in zauna mata ba.

Na ɗauka in na zo hutu kaɗaicin zai tafi. Bai tafi ba, kama ya sauya. Gwaggona takan zuba mini ido in ina alwala. Wata maƙwabciya ta tambaye ni a gaban mutane, wai da gaske ne ana ba mu wani abu mu sha. In na fara ba da labarin makaranta, sai in ga fuskoki sun canza da na ambaci majami'a, don haka na daina. Baba kaɗai ke tambaya. Yakan ce, "To, me aka koya muku a kan jini?" In yi ta zuba, yana gyaɗa kai, ko da rabin abin bai gane ba.

Ina aji uku, wata safiya muna tsakiyar gwaji, aka aiko ana nemana a ofishin mai kula da ɗalibai. Da na shiga na tarar da Malama a zaune, ta cire farar rigarta ta aiki. Ta kamo hannuna.

"'Yata, sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa da asuba."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, ita kuma ta riƙe hannun ba ta saki ba.

Suna da wata al'ada da na sha gani ana yi wa wasu. In ɗalibi ya rasa uwa ko uba, ana kaɗa ƙararrawar majami'a a hankali, duk wanda ya ji sai ya tsaya cak inda yake. Muna kan hanyar zuwa ɗaki in haɗa kaya ƙararrawar ta fara. Masu tafiya aji suka tsaya, masu yankan ciyawa suka tsaya, wani malami ya kashe motarsa ya fito. Ni kaɗai da Malama muke tafiya a tsakiyarsu. Babu wanda ya san Baba a cikinsu, yawancinsu ni ma ba su taɓa yi mini magana ba. A nan kukan ya zo mini.

Malama ta ce ba zan yi tafiyar ni kaɗai ba. Muka kwana a hanya, muka iso Zariya washegari da hantsi. An riga an kai shi tun jiya, na san haka za a yi, amma sai da na ga takalmansa a ƙofar ɗaki na yarda ba zan ƙara ganinsa ba.

Malama ta yafa gyale ta shiga wurin Inna, mahaifiyata, ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ake yi: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Matan da ke ɗakin suka amsa, suna satar kallonta. Da za ta tafi wurin danginta, ta tsaya a ƙofar zaure ta gaida Baffa. Ya tambayi ko wace ce, na faɗa masa.

Ya ce, "Tun daga can kika rako ta?"

"Tun daga can, Malam. Ai amana ce."

Ya ce Allah ya saka da alheri, ya sa aka tsayar mata da abin hawa.

Bayan sadakar bakwai gwaggona ta fara cewa tunda mai kai ni ya tafi, sai in dawo gida in nemi wata makarantar. Ni ma a raina na gaji, da an ce in zauna da na zauna. Baffa ya aiko a kira ni. Wannan karon ya rufe littafin.

"Yaushe za ku koma?"

"Sun riga sun ci gaba da karatu, Baffa."

"To ki shirya. Ban so tafiyarki ba, kin sani. Amma ƙanena ya fara abu, ba zan bari ya tsaya a hanya ba."

Na koma. Shekarar ƙarshe ta fi kowace tsawo, don yanzu ko na zo hutu babu mai tambayata me aka koya mana. Ranar yaye mu kowa da danginsa, da kulolin abinci da masu ɗaukar hoto. Inna ba ta da lafiyar doguwar tafiya, Baffa ya tsufa. A al'adarsu bayan an miƙa maka takardar digiri ana ɗora maka ƙaramin farin tawul a hannu, alamar ka fita ka yi wa mutane hidima. Na karɓi nawa. Uwar abokiyar ɗakina ta jawo ni cikin hotonsu, ta ce in tsaya kusa da ita. Shi ne kaɗai hoton da nake da shi na ranar.

Yanzu ina aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti a wajen Tudun Jukun. Malama ta yi ritaya ta dawo gidan iyayenta a gindin Kufena. 'Ya'yanta duk suna nesa, tsararrakinta sun ƙare, kunnenta ya yi nauyi. Nakan je wurinta wasu ranakun Asabar. Takan shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ta kawo gyaɗa mu yi ta ɓara, ta tambaye ni irin cututtukan da muke gani a bana, in ɗaga murya in faɗa mata, ta gyara mini inda take ganin na yi sakaci. Wani lokaci maganar takan ƙare, mu zauna haka nan muna kallon dutsen. In rana ta yi sanyi sai ta ce, "Tashi ki tafi, kada magariba ta same ki a hanya." In ɗauki jakata, ta rako ni bakin ƙofa tana dafa bango.