Kaye Huɗu na Yayana

Yayana ne kaɗai a gidanmu ya yi lakwal, makarantar boko ta Faransawa, a Maraɗi. Da ya dawo Madarumfa sai ya riƙa rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, ni kuwa ina su a tabki kamar babanmu. Lokacin duk mun yi aure.

Tsakanin wasiƙa da wasiƙa yake rubuta labarinsa cikin kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal. Labarin wani ɗan leƙen asiri ne mai shigar fataken goro, yana ratsa iyaka ta Ɗan Issa da takardu ɗinke cikin akumarin jaki. Bayan la'asar mutane kan taru gindin tsamiya ya karanta musu, har masu zuwa daga Safo. Ya cika kaye uku, yana cikin na huɗu. Ba ya son kuskure, don haka yakan tsare fatake ya tambaye su kowace hanya, kowane mashigin gulbi, ya sa a labarin yadda suke.

Sai yaƙin Turawa ya zo, aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi. Ban san wanda ya kai maganar yayana wurin hukuma ba. Wata safiya ina ɗinkin koma a ƙofar gida, gardi biyu, dogaran Turawa, suka iso bisa dawaki. Suka kwashe kaye huɗun, suka ɗaure masa hannu.

Na ce, "Yaya, me zan yi?"

Ya ce, "Kula da gida. Labari ne kawai, za su gane."

Washegari na bi su Maraɗi a ƙasa. Kwana uku ina zaune gaban biro, ofishin kumandan Baturen mulki, kafin a shigar da ni. Kumandan na zaune da kaye ɗaya buɗe a gabansa, tafinta na tsaye gefe.

Tafinta ya ce, "Yana tambaya, ina mutumin nan mai goro yake yanzu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu shi. Yayana ne ya ƙaga shi."

"To hanyoyin fa? An bincika, duk suna nan."

"Kowa ya san su, har mata masu itace."

Tafinta ya faɗa wa kumandan kalma biyu ko uku, ban san me ya ce ba. Kumandan ya rufe kayen, gardi ya kama ni a kafaɗa ya fitar da ni. Na tsaya a rana ina neman wanda zan roƙa, ban samu ba. Waɗanda suka saba zama gindin tsamiya kuwa, ko ɗaya bai yarda ya bi ni ya yi shaida ba. Ban ga laifinsu ba, kowa na da iyali.

Aikin hanya na tilas aka kai yayana. Sai bayan an cire gyaɗa ya dawo, ya rame, da tari mai nauyi. Ba a mayar masa da kayen ba. Na sayo masa sabo a kasuwa, ya karɓa ya gode, ya ba matarsa ta ajiye. Wasiƙa ma ya daina rubutawa, ya koma noman gero a gonar babanmu, ina taya shi in ƙirjin ya matsa masa.

Na kai shi wajen masu magani har uku, tarin bai tafi ba. Damina biyu ya yi, ya rasu ana gab da shuka ta uku. Ni na riƙe ƴaƴansa.