Sunan da Ban Kira ba a Filin Ƙwallo

Shekarun baya, muna zaune a Abbey Wood, ɗana na fari ya shiga ƙwallon Amurkawa, wadda ake sa hular kwano da tulin kafaɗu, ana rungumar ƙwallo kamar an sato gwanda. Ba manyan ƙungiyoyin Amurka ba ne. Ƙarama ce da suka kafa a nan London don gwada 'yan wasa, wanda ya yi fice su ɗauke shi. Da farko ana cika fili. Daga baya suka yi ta sauya filin wasa, 'yan kallo na raguwa.

Ni kuwa ban taɓa faɗin sunansa ba. Ɗan fari ne, haka aka tarbiyyantar da ni. "Wannan yaron" nake ce masa.

Wata rana ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, ki zo ki gani. Iyayen kowa suna kiran sunan 'ya'yansu. Ko sau ɗaya, please."

Na ce, "Ji shi! A bainar jama'a? Sai dai wata shekarar."

Amma na je, da sabon leshi kamar mai zuwa biki. Ana yayyafi, kujeru duk wayam. Kusa da ni wata 'yar zangon Ghana, ita ma ɗanta yana ciki, sai kwarara sunansa take. Ban gane komai a wasan ba, su yi karo, su tsaya, su sake. Nawa dai na gane shi da tafiyarsa, irin ta mahaifinsa.

Can sai ga ƙwallo a hannunsa, yana gudu. Wani ƙato ya shigo masa ta gwiwa. Ya faɗi, bai tashi ba.

Matar ta jijjiga ni. "Hajiya, yaronka ne! Kira shi mana, ya san kana nan!"

Na miƙe. Wallahi sunan ya zo har maƙogwarona. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai!" Kowa kuwa a filin "kai" ne, ta ina zai san da shi nake?

A asibiti ya ce, "Ina kwance ina ta saurare, Inna."

Na ce, "Ka ci abinci?"

Kafin gwiwar ta warke aka yi cancel ɗin ƙungiyar, masu ita suka tattara suka tafi. Yau shi direban bas ne a Old Kent Road, yana ɗingishi. 'Ya'yansa ba su yarda an taɓa yin ƙungiyar ba.

Ban ce tarbiyyata laifi ce ba, kada wani ya ce na ce. Na dai ɗauka ƙungiya kamar kasuwa ce, ta watse yau ta ci gobe. Ashe irin waɗannan ba sa daɗewa. Da na sani, da na rufe ido na kwarara sunan nasa a ranar. Bai sake roƙona ba.