Ba A Ɗaga Wanda Ya Faɗi

Armand Lachapelle ya shigo ajinmu na koyon kula da tsofaffi yana da shekara hamsin da 'yan kai, bayan an rufe masana'antar takarda da ta cinye ƙuruciyarsa. Shi kaɗai ne namiji a cikinmu, kujerar ajin ma da ƙyar take ɗaukarsa. Ranar da aka ba shi 'yar tsanar roba ya koyi canza mata ƙunzugu, sai da ya ce mata, "Yi haƙuri baiwar Allah, ni ma ba a son raina ba." Muka yi dariya har da hawaye.

Amma ba wasa ya kawo shi ba. A garinmu na arewacin Ontario, can ƙasar Kanada, in ka haura hamsin babu aikin kirki da ya rage maka sai kula da tsofaffi, shi kuma ba a ko kallonka sai da takardar shaida. Tsofaffin abokan aikinsa sun yi masa tsiya son ransu, wai ƙato kamarsa zai koma wanke gyatumai. Ya shanye, don takardar nan yake so.

Malamarmu Misis Dunleavy ta sha nanata mana doka ɗaya: in tsoho ya faɗi, ba a ɗaga shi. A rufa masa bargo, a kira motar asibiti, a zauna a jira. Tana da gaskiyarta, ƙashin ƙugu kan tsage ba a sani ba, garin taimako ka ƙarasa mutum. Armand ya ce, "Malama, a masana'anta fa ba a barin mutum a ƙasa." Ta ce, "Nan ba masana'anta ba ce." Ya ce to.

Da lokacin fita koyon aiki a gidajen mutane ya yi, aka haɗa shi da wata ma'aikaciya, aka tura su gidan Toivo Rantala, tsohon makanikin masana'antar. Tsoho ne mai taurin kai, ya kori mata ba adadi da sandarsa, don bai yarda mace ta ga tsiraicinsa ba. Ya dubi Armand sama da ƙasa ya ce, "Ba kai ne mai lalata min inji ba? Yanzu jikina aka ba ka ka lalata?" Armand ya ce, "Haba tsoho, kai da duk notocinka sun kwance, me ya rage?" Daga ranar Toivo ya yarda da wanka, har aski yake nema.

Wata safiya ma'aikaciyar ta fita ɗauko safar hannu a mota, ta tsaya amsa waya. Toivo ya zame a banɗaki, ya zube tsirara kusa da baho. Armand ya kawo bargo kamar yadda aka koya mana, ya zaro waya zai kira motar asibiti. Tsohon ya riƙe masa ƙafar wando. "Kar ka kira min yaran nan su zo su same ni a haka. Ɗaga ni, Armand. Yau ni za ka bari a ƙasa?" Armand ya ajiye wayar, ya sa hannu ya ɗaga shi. Ko ƙwarzane Toivo bai yi ba.

Babu wanda ya gani. Toivo ne ya tona da bakinsa, don alfahari. Da nas ta zo duba shi ya ce, "Kun daɗe kuna turo min masu hannun taliya, yanzu kun turo namiji! Sama ya yi da ni kamar buhun dankali." Nas ta kai magana makaranta, aikinta ke nan.

Kafin ya shiga gaban malamai sai da na ja shi gefe. Na ce, "Ɗan'uwa, ka ce kuskure ne, ba za ka ƙara ba. Baki shi ke yanka wuya." Ya gyaɗa kai kamar ya ji. A ciki Misis Dunleavy, wadda ke neman hanyar ceto shi, ta tambaye shi abu ɗaya: in Toivo ya sake faɗuwa, me zai yi? Ya dubi hannuwansa, ya ce, "Zan ɗaga shi." Aka sallame shi saura ƙiris mu gama. Yanzu amalanken sayayya yake tattarawa a wajen babban kanti, cikin dusar ƙanƙara. In na hango shi nakan canza ƙofa, don raina ɓaci yake yi, kuma ban san wa zan zaga ba.

Da na karɓi takardata, ni aka ba gidan Toivo. Ya koma ƙin wanka, kullum gaisuwarsa ita ce, "Ina Armand?" Da sanyi ya kankama ya sake faɗuwa, wannan karon a kicin. Na rufa masa bargo, na kira motar asibiti, na zauna a ƙasa kusa da shi. Bai roƙe ni komai ba. Ya juya fuskarsa ga bango har ma'aikatan asibiti suka iso, kuma daga asibiti bai sake komawa gidansa ba.

A ofis aka yaba mini, aka ce na yi komai daidai.