Fulotin da Ishaya Ya Ɗanɗana

A duk dangi babu wanda ƙasa ta yi wa wulaƙanci kamar Ishaya, kuma babu wanda ya so ta kamarsa. An haife shi a wani ƙauye kusa da Lafiya, inda yaro ke fara riƙe fartanya kafin ya iya ɗaura wando. Ubansa manomin doya ne, shi ya koya masa zaɓen gona: ka damƙi ƙasa ka matse, ka shinshina, ka ɗan taɓa a harshe. In baƙa ce, ta dunƙule a hannu, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye, to ka dace.

Da ya tasa sai ya biyo 'yan'uwa Kaduna, ya shiga masaƙa a Kakuri. Can ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin ƙarar inji, har kunnensa na hagu ya riga shi yin ritaya. Ya auri Damaris, suka haifi Hope, suna haya a unguwar Nasarawa cikin wani ɗaki da in ka yi miƙa sai ka gaisa da maƙwabci. Burinsa guda ne, kada tsufa ya same shi a gidan wani. Da masaƙa ta rufe, aka gama ja musu rai aka sallame su, bai tsaya ko'ina ba sai unguwar Romi, neman fulotin gina gida.

Dillali ya fara kai su kan tudu. Jar ƙasa ce, ga tsakuwa, ga marmara ta leƙo kamar gwiwar tsoho. Ishaya ya shure ta da ƙafa, ya kwana biyu yana ɗingishi.

"Nan ko akuya ta zo kiwo sai ta koma gida da kuka," in ji shi.

Suka gangara wajen rafi. Nan ya ga baƙar ƙasa, sai ya durƙusa kamar an ce a yi addu'a. Ya matse, ya shinshina, ya kai baki.

Damaris ta ce, "Baban Hope, gida muka zo nema ko kayan miya?"

"Maman Hope, ba ki san ƙasa ba. Kin ga tudun can? Tun kafin a haifi kakanninmu ruwan sama yake wanke shi, ya kwashe mai laushin ya bar masa ƙashi. Ina kike tsammani naman ya tafi? Ga shi nan ƙarƙashin silifas ɗinki."

Dillali ya sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransa. Ya daɗe yana tallar wurin nan babu mai ko taya shi.

Abin haushin, duk abin da Ishaya ya faɗa gaskiya ne. Ya dai manta cewa ba shuka gidan zai yi ba.

Shehu birkila, mutumin Makera, shi ya yi ginin. Suna haƙar fandesho ya ɗago ya ce, "Baba, muna ta haƙa ba mu taɓa tauri ba. Kamar tuwon jiya muke yanka." Ishaya ya juya masa kunnen hagu.

Suka tare da murna, aka dafa shinkafa har da 'yan coci. Damina ta zo, laka ta sha ruwa ta kumbura kamar ƙullin fanke, ta ɗaga gidan ta gefe ɗaya, ƙofa ta ƙi rufuwa. Rani ya zo, ta bushe ta tsuke, tsakar gida ya dare har ɗan tsako ya faɗa ciki ba a ƙara jin labarinsa ba, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa. Mutane suna hawa da sauka a gidajensu, shi Ishaya gidan ne ke hawa da sauka da shi.

Sai bango ya fara tsagewa. Kowace shekara Shehu ya zo da siminti ya liƙe.

"Baba, wannan tsagar ai ita na toshe bara."

"To me ya faru?"

"Ta haihu. Ga 'ya'yanta nan uku a falo."

Har ta kai Damaris tana miƙa wa maƙwabciya gishiri ta bangon kicin ba sai ta zagaya ba.

Babu abin da bai gwada ba. Ya haƙa kwata. Ya sa tifa ta juye masa jar ƙasar tudun nan da ya zaga, laka ta haɗiye ta ba ko gyatsa. 'Yan zumuntar mata ta coci suka zo suka zagaye gidan da waƙa, ɗaya ta bar takalminta a taɓo. Ya tokare bango da katako har gidan ya zama kamar mai tafiya da sanduna. Su kuwa na kan tudu sai ƙara gini suke, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ruwan da ƙasa ta saba sha duk ya kwararo, kuma duk ya san hanyar gidan Ishaya.

Bana, da hadari ya fara haɗuwa, bangon ɗakin kwana ya karkata. Shehu ya zo ya duba, bai ko sauke buhun kayan aikinsa ba.

"Baba, ka yafe ni. Bangon nan ba shi da laifi, ni ma ba ni da shi. In na sake liƙewa ya faɗo muku, me zan ce wa Allah?"

Hope, da ke aure a Gonin Gora, ta zo da mota ta ce su taho wurinta. Damaris ta ɗaure kayanta ta bi ta. Ishaya ya ce shi ba zai kwana gidan suruki ba, ko da rufin zai sauko masa a ka. Ya zauna shi kaɗai a falo har ruwan farko ya sauka. Da aka ɗauke, ya fito ya tarar ɗakin kwana ya zauna a ƙasa, gado na kallon sama.

Ya kira kafinta aka ɓalle kwanon rufin da ya rage, aka cire taga da ƙofa. Damaris ta samo musu ɗaki a Nasarawa, layi biyu daga inda suka baro. Aka jingina kwanon a bangon tsakar gida, kusa da igiyar shanya.

Mai gidan hayar ya leƙo ya ce, "Baba, kayan nan har yaushe za su zauna a nan?"

Ishaya ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce bai sani ba.