Malam Isiyaku, wanda ya koya mana cewa "ban gane ba"

Malam Isiyaku ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar sito ana sauke buhunan irin masara. Nura ne ya kira ni, wanda muka yi aji ɗaya da shi a sakandare. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, Binta, Malam ya cika bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zama na yi a kan buhu, ban san ma na zauna ba. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin aikin gona ne a sakandaren da na yi a Malumfashi. Amma duk wanda ya bi ta hannunsa, in ka ambaci sunansa ba taki ko feshi zai fara tunawa ba. Ajin Asabar zai tuna. Ajin nan ba ya cikin tsarin makaranta, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu a kai. Ajin Oga muke ce masa, saboda wata tsohuwar kujerar katako mai hannu da yake ajiyewa a gaban allo. Wanda ya zauna a kanta shi ne oga, sauran mu kuma masu neman aiki ne ko sababbin ma'aikata.

Ranar da na fara shiga ajin ba zan manta ba. Ina zama ya dube ni ya ce in je ofishin malamai in ɗauko masa abin nan da ke kusa da wancan. Haka ya faɗa wallahi, da sauri, yana kallon wani wuri daban. Ni kuwa 'yar gidan tarbiyya, na rusuna na ce to Malam, na fita da hanzari.

Sai da na isa ofishin na tsaya ina rarraba ido. Wane abu? Kusa da me? In koma in tambaya kuma, ai da kunya. Na ga buta a bakin ƙofa, na ce wataƙila alwala zai yi, na ɗauko.

Ina shigowa da butar aji ya kece da dariya, domin duk an yi musu irin wannan kafin ni. Wani tsintsiya ya kawo, wani ƙwallo. Shi Nura da ya fita ma bai dawo ba sam, gida ya wuce.

Malam bai yi dariya ba. Ya karɓi butar da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya tambaye ni me ya aike ni. Na ce ban sani ba. Ya ce to me ya sa na ce to? Na sunkuyar da kai, ji nake kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Abin da ya faɗa a ranar har yau yana kunnena:

"A gida an koya muku in babba ya yi magana ku ce to. Tarbiyya ce, kada ku yar da ita. Amma a wurin aiki, to ɗin da kuka faɗa ba ku gane ba, ita za ta kore ku. Ku buɗe baki ku ce, ban gane ba, a sake yi mini bayani."

Ya sa muka riƙa maimaitawa, kowa ya miƙe ya faɗa shi kaɗai, a gaban kujerar. Kun ɗauka abu ne mai sauƙi? Ku gwada faɗa wa sa'an babanku ku gani. Akwai wadda ta yi kuka kafin maganar ta fito.

Daga ranar na zama Mai Buta. Har na yi aure, har na haihu, Malam bai sake kirana Binta ba.

Ba wannan kaɗai ya koya mana ba. In ka ce masa za ka zo bayan la'asar, sai ya ce ai gobe ma bayan la'asar ɗin yau ce, faɗi ƙarfe nawa. In ka san za ka makara, kira kafin a fara nemanka. In ka ɓata abu, kai za ka fara kai labarin, ba a ji a bakin wani ba. Mu mata da ba ma iya haɗa ido da manya, ya ce ba sai mun kalli ƙwayar idon ba, mu kalli bakin hular oga. In mace ce, mu kalli ɗaurin ɗankwalinta. Shi dai kada mu yi magana da takalminmu.

Iyaye da yawa ba su so ba da farko. An yi ta cewa Malam yana koya wa yara rashin kunya. Babana ma yana cikinsu, kuma ni na jawo. Wata rana ya aike ni yana magana ƙasa-ƙasa, na tsaya ƙyam na kalli hularsa na ce, Baba ban gane ba, a sake yi mini bayani. Allah ne ya kiyaye ni da takalminsa a ranar.

Asabar na zagayowa sai ga Baba a kan babur, ransa a ɓace, har cikin aji. Malam ya tare shi da fara'a, ya zaunar da shi a kujerar oga. Ya ce yana da tambaya guda, tunda Alhaji manomi ne mai ɗaukar 'yan ƙwadago. In ya ce wa mutum ya je ya yi feshin maganin ciyawa a gonar dawa, mutumin ya ce to, ya je ya fesa a gonar wake, da shi da wanda ya tsaya ya sake tambaya, wa zai ƙara ɗauka?

Ashe a daminar bara an yi wa Baba irin haka a gonarsa ta hanyar Kafur, wake ya ƙone ƙurmus. Can sai ya fashe da dariya, ya ce a ci gaba da karatu, amma a gaya wa yarinya ta riƙa rusunawa tukun kafin ta tambaya. Malam ya ce wannan gyara ne mai kyau, ya karɓa. Daga baya Baba da kansa yakan zo ya zauna a kujerar, kuma ba a taɓa yin oga mai tsanani kamarsa ba.

Aikin da nake yi yau a kamfanin iri a Funtua, ajin nan ne ya riƙe mini shi. Manajanmu na farko ba Bahaushe ba ne, Turancinsa kamar ana soya gyaɗa. Mu da yawa aka ɗauka gwaji. Kowa yes sa, yes sa, a fita a yi ta kame-kame. Ni kaɗai ce mai tsayawa in ce a sake mini. Na ɗauka haushi nake ba shi. Da gwajin ya ƙare ya ce ni ce ba ya fargabar ya bar mini sito.

Ƙananan abubuwa nake ta tunawa tun safe.

Ranar da zan tafi intabiyu, matarsa, Mama Talatu, ita ta goge mini hijabi. Shi kuma ya raka ni tasha, ya tsaya sai da ya gaya wa direba inda zai sauke ni.

Nura da takalmin Malam ya je nasa intabiyun. Ya yi masa yawa, aka cusa tsumma a gaba.

Da Baba ya rasu, Malam ya zauna a ƙofar gidanmu har aka yi sadakar uku, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan uwa na jini.

Ganinmu na ƙarshe makon jiya ne. Ya zo asibiti a Funtua, ya biyo ta sito. Na tsorata da na gan shi. Ya rame, riga ta yi masa yawa, ƙafafunsa sun kumbura. Na sa a kawo lemo ya ce a'a, ruwa kawai. Na fara yi masa faɗa, kun san bakina, na ce shi da ya yi ritaya me ya hana shi ya kwanta ya huta, sai ajin Asabar kamar shi ya haifi 'ya'yan garin nan duka. Ya yi murmushi ya bar ni na gama.

Na tambaye shi me likita ya ce. Ya ce likitan ya yi ta zuba Turanci, shi kuwa ya ce masa bai gane ba, a sake yi masa bayani. Aka sake, ya gane. Na ce to me ka gane, Malam? Ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ya juya maganar.

Abin da ya kawo shi daban ne. Akwai wata ɗalibarsa, Rahila, 'yar Gozaki. Mahaifinta ya rasu, ita da mahaifiyarta ke noma abin da ƙannenta za su ci. Ya ce yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, ta iya kwamfuta, ba ta makara. Amma ba sau ɗaya ba ta je neman aiki ana sallamarta, domin da ta ga babban mutum sai bakinta ya mutu. Duk abin da aka ce mata, to. Ranar Litinin mai zuwa tana da intabiyu a wani kamfanin gurzar auduga a nan Funtua, suna ɗaukar ma'aikata saboda kaka ta shigo. In wannan ya wuce ta, sai kuma baɗi.

Ya ce ya yi iya yinsa, amma har yau ba ta taɓa iya cewa ban gane ba a gaban kowa ba, har shi. Yana so in zo ranar Asabar ɗin nan in zauna a kujerar, ko Allah zai sa ta buɗe baki a gaban mace 'yar uwarta.

"Ki tsananta mata, Mai Buta. Kada ki ji tausayinta. In ba ta faɗa a gabanki ba, ba za ta faɗa a gabansu ba."

Ya ba ni lambarta. Na raka shi bakin titi na tare masa keke mai ƙafa uku. Da ya shiga ya leƙo ya tambaye ni ƙarfe nawa zan zo. Na ce da safe. Ya harare ni. Na ce ƙarfe tara, Malam. Ya ce yawwa.

Shi ke nan. Ban sake jin muryarsa ba.

Ɗazu, bayan na ɗan dawo hayyacina, sai Rahila ta faɗo mini a rai. Na san ba lallai a tuna a gaya mata ba, tana can ƙauye. Na kira ta. Suna gona da mahaifiyarta suna cire masara, ina jin ƙarar kara a wayar. Ta gaishe ni da ladabi, ta ɗauka maganar Asabar ce.

Na ce, Rahila, sai haƙuri. Malam ya rasu da asuba.

Ta ce, to.

Na duba wayar ko ta katse. Can na ji muryarta, tana rawa amma a fili:

"Anti, ban gane ba. Don Allah a sake gaya mini."

Jama'a, a nan na kasa riƙe kaina. Tun safe ban yi kuka ba sai a lokacin. Na sake gaya mata, a hankali, yadda Malam yake sake mana bayani ba tare da ƙosawa ba. Muka yi ta kuka ni da ita, yarinyar da ko fuskarta ban taɓa gani ba.

Malam, ta faɗa. Kai ne dai ba ka ji ba.

Da ta ɗan lafa ta tambaye ni ko shi ke nan an fasa na Asabar. Na ce ba a fasa ba. Na yi magana da Mama Talatu, ta ce kujerar tana nan a zaure inda yake yin ajin tun da ya bar makaranta, kuma ba ta yarda a matsar da ita ba. Ƙarfe tara ina kanta, in Allah ya kai mu. Zan tsananta mata kamar yadda ya ce, ko da ina hawaye. Nura ya ce zai zo. Duk wanda ya taɓa ɗauko tsintsiya ko buta a ajin nan, in yana kusa, ya zo.

Yanzu zan kama hanyar Malumfashi, za a yi jana'iza bayan azahar.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa mana tamu. Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Mama Talatu da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ku haɗa da Rahila. Litinin ne intabiyunta.